Faifai mai gram 180 da mai gram 130, wanne ya fi daɗin ji?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, wai yayanshi zai taho daga Faransa ya ce mishi ya zaɓi faya-fayan waƙa na roba, irin masu allura, da yake so, sai ya ga wasu an manna musu 'yar takarda an rubuta 180 g kuma kuɗinsu ya ɗara na sauran, shin sun fi daɗin ji ne ko kasuwanci ne kawai, to ga abin da na sani, ka yi haƙuri zan ɗan ja zancen don abin ya daɗe yana cina.

Nauyin nan ba shi ke waƙa ba ƙanena. Waƙar tana cikin 'yar tsagar nan da allura take bi, kuma tsagar ba a gidan buga faifai ake yanka ta ba, tun farko wani injiniya ne yake zama da injin yanka ya zana ta a kan wani faranti na alminiyam da aka shafe da wani abu mai laushi, daga nan a yi mishi wanka da ƙarfen nikel a fitar da hatimi, shi wannan hatimin ne ake danna wa curin roba mai zafi sai faifai ya fito. To ko curin gram 130 aka sa ko na gram 180, hatimin dai shi ne, zanen shi ne, zurfin shi ne. Je ka wajen dukawan garin nan ka ga yadda suke buga ado a kan fata, ƙarfe ɗaya ne, in an buga a fata mai kauri ko marar kauri furen ba ya canzawa. Zurfin tsagar ma bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi kuwa faifan da ya fi kowanne fale-fale ya kusa milimita guda, ka ga ashe gram 50 ɗin da aka ƙara duk a cikin kaurin faifan suka kwanta, inda allura ba ta taɓa zuwa.

Ni kaina na taɓa yarda da zancen fa, har na sa aka kawo min sabon bugu mai 180 na wani faifai da nake da tsohonshi tun na babanmu, bugun shekarun 1970, wanda in ka riƙe shi da hannu ɗaya ka kaɗa sai ka ji yana wal-wal kamar murfin roba. Na kai su butik ɗin unguwarmu na ɗora a sikeli don in tabbatar, tsohon bai ma cika 125 ba. Rannan a fada muna shayi na jawo waya na fito da sifika tsakar gida, injin yana cikin ɗaki ba mai ganin wanda na ɗora, na ce kowa ya faɗi wanne ne mai nauyin. Wanda ya fi kowa cika baki a cikinmu ya rantse na farko ne, wai ji yadda ganga take duka a ƙirji, alhali tsohon fale-falen ne na sa. Sabon kam ya fi shiru tsakanin waƙa da waƙa, babu ƙas-ƙas ɗin nan, amma muryar ta ɗan ja baya kamar mutum yana waƙa a bayan labule. Da na duba wurin da babu waƙa kusa da takardar tsakiya, inda ake karce wasu lambobi ƙanana, sai na ga lambobin ba ɗaya ba ne, wato yanka daban, hatimi daban, ƙila ma tef ɗin da aka kwaso waƙar daban. Bambancin da muka ji daga can ya taso. Shirun sabon kuma ai don bai sha shekara hamsin na ƙurar Damagaram ba ne.

Dalilin da ya sa mutane suka ƙi marar kaurin akwai tarihi a ciki. Wajen 1969 kamfanin RCA na Amurka ya fito da wani da ya kira Dynaflex, fale-fale sosai kusan gram 90, masu saye suka yi ta ƙorafi yana kantarewa. Sai kuma rikicin man fetur na 1973 ya zo, ita kuwa robar faifai, PVC, daga man fetur take, ta yi tsada, gidajen bugu suka rage kauri kuma suka shiga niƙe faya-fayan da suka yi kwantai suna sake narkawa, wani lokaci har da guntun takardar tsakiya a ciki. Robar da aka sake narkawa ita ke kawo shuuu da tas-tas. Abubuwa biyu suka zo lokaci guda, rashin kauri da ƙazamar roba, sai laifin ya faɗa kan wanda ido ke gani. Amma a shekarun nan dai Japan suna buga marasa nauyi da roba sabuwa fil, har yau masu tara faifai suna rububinsu saboda shirunsu. In kuma nauyi ne magana, ai faifan garmaho na kakanninmu mai gudu 78, wato juyi 78 a minti, ya fi su duka cika hannu, da wani ƙaro na ƙwari daga Indiya ake yin shi, ga shi da hayaniya kamar ana suyar ƙosai, ya faɗi kuma ya tarwatse.

Ban ce mai nauyin bai da nashi ba. Ya fi daɗin riƙewa gaskiya, yana zama daram a kan faranti, bai cika lanƙwasa a hannu ba, kuma sau da yawa kamfanin da ya kashe kuɗi ya yi 180 yakan kula da sauran aikin, roba mai kyau, yanka mai kyau, kwali mai kauri, shi ya sa wasu da yawa suke da daɗi, amma kulawar ce ka ji. Wasu kuma takardar kawai suka manna, waƙar daga CD aka kwaso aka danna a roba mai kauri aka ninka kuɗi. Kuma kaurin yana da tashi matsalar, curin ya fi daɗewa kafin ya yi zafi ya kuma huce, in gidan bugun suna sauri suka cire shi da wuri sai ya zo maka a kantare tun cikin leda, ko robar ba ta cika tsagar ba ka ji wani kyat-kyat kamar ana yaga ƙyalle.

Zancen wai ba ya kantarewa kuwa, hmm. Nawa mai 180 ɗin na manta shi a kujerar bayan mota wata Afrilu, daga azahar zuwa la'asar kawai, na dawo na tarar ya zama kamar faifan kaba na rufe ƙwarya, allura tana hawa tana gangara. Roba ce, tun wajen digiri 60 take fara laushi, mota a rufe cikin ranar bazara ta garin nan kuwa ba wasa ba. Tsohon na babanmu yana nan miƙe sambal don shi a tsaye yake cikin akwati a ɗakin ƙasa, ba a jingine ba, ba a kwance an yi mishi lodi ba.

Abin da ya kamata ka duba a jikin kwalin shi ne tsawon waƙoƙin kowane gefe. Minti 20 zuwa 22 shi ne daidai a gudu 33, in aka cusa minti 28 dole mai yanka ya matse tsagar ya rage ƙara ya rage bas, wato sautin nan mai kauri irin na ganga, ko gram 200 ne ba abin da zai gyara. Shi ya sa za ka ga wasu sababbin an raba su faifai biyu ana juya su a gudu 45, wannan kam kunne yana ji. Haka waƙar ƙarshe ta kowane gefe takan ɗan shaƙe, don a bakin faifai allura tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20 kawai, mai nauyi da marar nauyi duk haka suke.

Mu nan abin da ke kashe mana sauti ƙura ce da allura. Da hunturu iska ta bushe faifai yana jan ƙura kamar maganaɗisu, ka goge yanzu ka juya ta dawo. Allura kuma tana cinyewa, bayan awa 500 zuwa 1000 ta gama aiki, daga nan ita ke cin faifan. Don Allah masu ɗora dala biyar a kan hannun allura don kar ta yi tsalle ku bari, yawancinsu gram 2 ko kusa da haka aka yi su su danna, kwabon nan ya ninka haka sau nawa. Wanki kuma ban da ruwan rijiya, yana barin gishiri a tsaga, nemi ruwan batir mai tsabta wanda ba a sa mishi asid ba.

In bugu ɗaya ne kawai ake da shi kuma 180 ne, saya abinka ba laifi. In akwai biyu kuma yanka ɗaya ne ɗauki mai arha, yayanka ma zai gode maka don faifai 20 masu nauyin sun ƙara mishi kilo guda cur a jakar da aka ƙayyade mishi kilo 23. Canjin da ya rage ka ce ya saya maka allura sabuwa da buroshin goge faifai da ledojin ciki, amma ka fara tura mishi hoton kan allurar taka da lambar da ke jiki, don ba kowace ke shiga kowane inji ba, ni sau biyu ana kawo min wadda ba tawa ba.