Sharhi kan yawon kwana uku na ɗaukar hoto a masallatan gasasshen yumɓu na arewacin Bangladesh

A watan Janairu, bayan na kammala wani gajeren kwas a Dhaka, na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke Rajshahi kuɗin mota da direba da ɗan jagora na kwana uku, domin in ga tsofaffin masallatai da ɗakunan ibadar Hindu da aka ƙawata da gasasshen yumɓu, in kuma ɗauke su hoto. Na ji daɗin tafiyar, amma akwai abu guda da ya kamata duk mai niyyar zuwa da kyamara ya daidaita da kamfanin kafin ya biya, wato lokacin da za a isa kowane gini.

Ƙasar Bengal, wadda Bangladesh take cikinta, ƙasa ce ta manyan koguna, dutse ya yi ƙaranci, yumɓu kuwa yana ko'ina, saboda haka magina suka koma ga jan bulo, suna sassaƙa ado a kan fale-falen yumɓu, su gasa su, sannan su manna su a bango. Duk wanda ya tashi a cikin gidajen tubali da zanen da maginanmu ke yi a jikin zaure zai gane wannan hannu nan take, sai dai ruwan saman da ake yi a can zai narke ɗanyar ƙasa, don haka suka gasa tasu. Ɗan jagoran, wanda ya karanta tarihi a jami'a, ya nuna mini cewa bakin rufin masallatan ya ɗan lanƙwasa kamar baka, kuma an kwaikwayo hakan ne daga bukkokin gora da ciyawa na manoman yankin. Da bai faɗa ba, da na wuce ban lura ba, kuma irin wannan bayani shi ne ya sa nake ganin kuɗin da na biya ya halatta.

Ranar farko mun nufi Gaur, tsohuwar hedikwatar sarakunan Musulmi na Bengal, wadda iyakar Indiya ta raba gida biyu. A ɓangaren Bangladesh akwai masallacin Choto Sona, da aka gina a zamanin Sarki Alauddin Husain Shah (1493 zuwa 1519), wanda aka lulluɓe jikinsa da dutse aka sassaƙa shi da salon yumɓu. Abin da ya fi kama zuciyata shi ne masallacin Darasbari na shekarar 1479, daga zamanin Sarki Shamsuddin Yusuf Shah. Rufinsa ya rushe tuntuni, bangwaye ne kawai a tsaye ƙarƙashin sararin sama, amma mihirabansa suna nan cike da furanni da rassa masu naɗewa da zanen fitila mai rataye da sarƙa. Sunan ma ya ba ni sha'awa, domin “daras” ita ce kalmar Larabcin da ta ba mu “darasi”, “bari” kuwa gida ne a harshensu, kuma harsashin makarantar da ta ba wurin suna yana nan kusa.

A nan ne matsalar ta bayyana. Mu a gida gabas muke fuskanta idan za mu yi salla, su kuwa alƙiblarsu tana yamma, don haka ƙofofin masallatai da mafi kyawun adonsu suna kallon gabas, kuma hasken safiya ne yake sauka a kansu. Adon yumɓu ba launi ba ne, tudu ne da kwari, kuma hoto ba ya fitar da shi sai haske ya zo daga gefe ya jefa inuwa a cikin kowane tsagi. Jadawalin kamfanin an tsara shi ne don masu kallo su wuce, ana tashi daga otal bayan karin kumallo, sai muka isa Gaur rana ta riga ta take tsaka. Hotunan da na ɗauka a ranar sun fito tamkar bango mai santsi, jan bulo ya koɗe, kuma na yi baƙin ciki ƙwarai, domin ba tafiya ce da mutum zai maimaita cikin sauƙi ba.

Da na yi magana da daddare, direban ya amince mu fita bayan sallar asuba ba tare da ƙarin kuɗi ba, abin da na yaba masa matuƙa. Mun isa masallacin Bagha, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Rajshahi, hazon hunturu yana kwance a kan babban tafkin da ke gabansa, muka jira kusan awa guda har ya yaye. Sarki Nusrat Shah ne ya gina shi a 1523, ƙubbobinsa goma sun faɗi a girgizar ƙasa ta 1897, daga baya aka sake ɗora su, kuma har yanzu ana salla a cikinsa. Lokacin da rana ta fara lasar bangon, sai 'ya'yan mangwaro da ganyaye da furannin da aka sassaƙa suka taso ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce jiya aka fitar da su daga wuta. Ɗan jagoran ya nema mini izini wurin mai kula da masallacin kafin in ɗauki hoton ciki. A hanyar komawa mun tsaya a Puthia, inda ɗakunan ibada na ƙarni na 19 suke, amma ba mu daɗe ba.

Kwana na uku ya ƙare kusan duka a mota, domin Dinajpur tana da nisa, kuma a ganina kuskure ne kamfanin ya cusa ta cikin kwana ɗaya. Duk da haka ɗakin ibadar Hindu na Kantajew da ke can, wanda Maharaja Pran Nath ya fara a 1704 ɗansa Ramnath ya kammala, ya cancanci wahalar. Hasumiyoyinsa tara sun zube a wannan girgizar ƙasa ta 1897, amma jikinsa daga ƙasa har sama babu tafin hannu guda da ba a yi wa ado ba. Saɓanin masallatan da suka tsaya kan tsirrai da siffofin lissafi, a nan akwai mutane da dawakai da giwaye da jiragen ruwa da mafarauta, tare da labaran addininsu na Ramayana da Mahabharata. Na cire takalmi kamar kowa, na kauce wa masu ibada, na mai da hankali kan layukan ƙasa masu nuna rayuwar yau da kullum. Awa ɗaya da rabi kawai na samu kafin direba ya ce dare zai yi mana a hanya.

Zan ba wasu shawarar irin wannan tafiya, da sharaɗin a rubuta a yarjejeniya cewa fita da asuba ne, a ƙara kwana ɗaya a Dinajpur, a kuma tafi da madubin kyamara mai jawo abu kusa, domin yawancin fale-falen ƙanana ne kuma wasunsu suna can sama da kai.