Yadin kaki a gadon lilo: ƙarfi akwai, amma rininsa ya ɓata mini rai

Ga mai neman yadin ɗinka gadon lilo, irin wanda ake ɗaurewa tsakanin bishiya biyu a kwana a daji, ni da kakin auduga mai kauri na yi nawa, lokacin da muke kwana a gonar shinkafa wajen Kadawa a kakar da ta wuce. A Kantin Kwari na saya, yadi uku da rabi, mai faɗin inci 60. Atamfa ba ta kai wannan faɗin ba, sai an haɗa biyu, kuma ɗinkin tsakiya shi ke fara ɓarkewa in nauyi ya hau.

Wajen ƙarfi kam ya ba ni mamaki. Tela ya naɗe bakin kowane gefe, ya bi shi da ɗinki layi uku, muka zura igiya. Ƙanina da ya fi ni jiki ya hau ya yi ta juyi, ko zare ɗaya bai motsa ba. Abin da ya fi burge ni ma sauro ne. Wani maƙwabcin gonarmu nasa na nailan ne marar nauyi, sauron fadama suka riƙa cizon sa ta ƙasa, ta cikin yadin, ya tashi bayansa duk ƙuraje. Kaki kuwa bakin sauro ba ya huda shi, gidan sauro kawai na rataya ta sama.

To amma mai shagon nan bai kyauta mini ba. Na tambaye shi ƙarara ko yadin yana zuba, ya dafa ƙirji ya ce ko a ruwan zafi aka jiƙa shi ba ya zuba. Daren da raɓa ta sauka sosai, na tashi sallar asuba na ga farar rigata ta koma ruwan ganye daga kafaɗa har ƙugu, har da hular da na yi matashi da ita. An wanke, an sake wankewa, tabon yana nan. Da na koma masa, sai cewa ya yi, "Alhaji, ai kowane kaki sai an jiƙa shi da gishiri tukuna." Ina wannan maganar take ranar da yake karɓar kuɗina? Ko haƙuri bai ba ni ba.

Kuma tun da maganar raɓa ta zo, auduga shan ruwa gare ta. Da safe sai ka ji gadon ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, ba ya bushewa sai rana ta take. In ka naɗe shi da danshi, fumfuna ce za ta kama shi, ga wari. Na nailan ɗin da nake tausaya wa mai shi, kafin mu gama karin kumallo ya bushe.

Da rani zan ci gaba da kwana a kansa. Da damina kuwa ba zan ɗauke shi ba, kuma shagon nan ni da shi har abada.