Excel a allo biyu: kowa da tagarsa, amma mita ɗaya

Aikina riƙe lissafin wani dilan kayan masarufi ne a kasuwar Singa, nan Kano: shinkafa, taliya, man girki, sukari, madara. Rabin aikin nan kwatanta abu biyu ne. Ga bayanin asusu da banki ya turo, ga abin da yaran shago suka rubuta sun sayar. Ga takardar kayan da aka ce an loda, ga abin da ya shiga sito. Duk wanda aikinsa ya yi kama da nawa, allo na biyu ya fi masa amfani a kan sabuwar kwamfuta, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar nata ba. Sai dai sayen allon ba shi ne ƙarshen magana ba. Excel ɗin da ke kan kwamfutarka shi zai nuna ko allon zai yi maka aiki, ko kuwa ya zauna yana nuna hoton bango.

Har yau laftof na hannu da yawa da ake sayarwa a gari, Office 2007 ko 2010 za ka tarar a kansu. Excel na waɗannan shekarun babbar taga ɗaya gare shi, duk fayil ɗin da ka buɗe a cikinta yake zama. Ka buɗe na banki, ka buɗe na shago, ka kama na banki da linzami za ka ja shi zuwa allon dama, yana isa bakin tagar sai ya cije. Abin haushin, Word na zamanin tuni yana ba kowace takarda tagarta. Wasu kan miƙe tagar Excel ɗin ta ratsa alluna biyun, su jera fayilolin a ciki. Yana yi, amma idan allunan ba girmansu ɗaya ba, kamar laftof mai inci 14 da monita mai inci 22, sai ƙasan tagar ya ɓace a ƙaramin, maɓallan sama kuma su rabu gida biyu.

Dabarar da muka daɗe muna yi ita ce kunna Excel sau biyu. Ka danne Shift ka latsa alamarsa da ke layin ƙasa, wani sabo fil ya tashi, ka buɗe fayil na biyu daga cikinsa, ka kai shi ɗaya allon. A ido komai ya yi daidai. Amma biyun nan ba su san juna ba. Ka kwafi gida, wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki, mai fomula daga wancan ka manna a wannan, yawanci lambar kawai ke zuwa, fomular ta tsaya a can. Paste Special ya kawo maka wani akwati daban wanda ba ka saba gani ba. Ka so ɗauke shafi guda ka kai wancan fayil ɗin, ba za ka ga sunansa a jerin ba. Ga mai rajistar sunaye wannan ba komai ba ne. Ga akawu, an cire wa aikin laka.

Akwai kuma shawarar da ke yawo cewa a shiga saiti a kunna zaɓin da ke hana Excel sauraren DDE, wata hanya da manhajoji ke aika wa juna umarni, ko a taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitinsa na ciki, don kowane fayil ya buɗe a tagarsa. Ban ba kowa wannan shawarar ba. Sananniyar illar zaɓin DDE ɗin ita ce ka latsa fayil sau biyu ya ƙi buɗuwa, Excel ya taso wayam, wani lokaci da saƙon cewa an kasa aika umarni ga manhajar. Kwamfutar shago ba ta mutum ɗaya ba ce, wanda zai zauna bayanka bai san abin da ka taɓa ba.

A Excel 2013 ne Microsoft suka sauya tsarin, kuma haka yake a 2016, 2019, 2021, 2024 da Microsoft 365. Kowane fayil da tagarsa da maɓallansa, ka ja shi inda ka ga dama. Ni 2016 na fi daɗewa a kai, a nan kuwa yabo ya zama dole.

Ga yadda ƙarshen wata yake a teburina. Bayanin banki yana kan monita ta dama, littafin shago yana kan laftof. A littafin shago ina da layin lambar shaida ta kowane tiransifa da aka ce ya shigo. Na shiga gidan da ke gefen lambar farko, na fara rubuta VLOOKUP, fomular da ke nemo lamba a cikin wani jeri, na zaɓi lambar, sannan na zarce da linzami zuwa monita na shafa layukan bankin. Excel da kansa ya rubuta sunan fayil ɗin bankin da shafinsa a cikin fomular. Na ja ta zuwa ƙasa. Duk inda #N/A ya fito, to kuɗin da yaro ya rubuta ba su bayyana a banki da wannan lambar ba: ko an yi kuskuren rubuta ta, ko alat ɗin bogi aka nuna masa, ko kuɗin sun maƙale a hanya. Ina latsa gidan, idona na dama yana kan ranar a bayanin banki. Ba Alt da Tab, ba riƙe lamba goma sha a ka kana tsalle daga fayil zuwa fayil. A wannan tsallen akawu kan yi kuskure, 6 ta koma 9, dubu 85 ta koma 58.

Akwai wani dalilin barin fayilolin biyu a buɗe wanda ba kowa ya lura da shi ba. VLOOKUP yana iya karanto fayil ko a rufe yake, amma SUMIF da COUNTIF, masu tarawa da ƙirgawa bisa sharaɗi, ba sa iyawa. Idan fayil ɗin da suke dubawa a rufe yake, da an sabunta lissafi sai #VALUE! ya cika shafin. Ni kuwa da SUMIF nake tara bashin kowane kwastoma. Don haka fayil ɗin bashi zaman dindindin yake yi a monita.

Alhaji mai shagon ma ya ga amfanin abin, ta nasa ɓangaren. Da, idan ya zo duba lissafi, sai ya tsaya a kaina yana leƙe. Yanzu na juya masa monita, ya ja kujera.

"Malam, wancan mutumin na Gaya fa, nawa ya rage a kansa?"

"Ga shi nan a gabanka, Alhaji, layi na bakwai. Ya turo rabi ranar Talata."

Yana kallon nasa, ina ci gaba da nawa. A kula dai, sai an danna maɓallin Windows da P an zaɓi Extend. Idan aka bar shi a Duplicate, abin da ke kan laftof shi zai fito a monita, har albashin yara.

Wani abin da na fi so, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, yana ƙarƙashin View, sunansa New Window. Wannan fayil ɗaya yake buɗe wa taga ta biyu, za ka ga an liƙa 1 da 2 a ƙarshen sunansa. Ba kwafi ba ne, fayil ɗin ne dai. Ina shigar da kayan da suka fita a shafin yau a wannan allon, jimillar abin da ya rage a sito tana sauka a wancan nan take. Sai dai a 2016 sabuwar tagar ba ta gadon saitin tsohuwar: layin kanun da ka daskarar da Freeze Panes ba ya biyo ta, haka girman rubutun da ka zaɓa. Idan ka rufe ta 1 ka bar ta 2 sannan ka adana, saitin ta 2 ne zai zauna, kanunka sun tafi sai ka sake. Kullum ta 2 ake fara rufewa. Idan kuma ka adana duka biyun suna buɗe, gobe biyu za su taso.

Yanzu inda gizo ke saƙar. Tagogin nan a ido ne suka rabu, a ƙasa Excel ɗaya ne ke riƙe da su, tamkar gidan haya mai ɗakuna da yawa amma mita ɗaya. Idan kana tsakiyar rubutu a wani gida ba ka danna Enter ba, ɗaya tagar ba za ta yi maka abin da kake so ba, latsawar da ka yi ma tana iya shigewa cikin fomular da ka bari a buɗe. Idan akwatin saiti na buɗe a hagu, dama sai ta jira. Idan babban fayil ya tsaya yana lissafi, kowa ya tsaya. Wanda ya fi cizo shi ne Ctrl da Z, maɓallan janye abin da ka yi. Jerin abubuwan da ake janyewa ɗaya ne ga duk fayilolin. Ka gyara abu a na shago, ka gyara wani a na banki, ka dawo na shago ka danna janyewa, wanda Excel zai fara warwarewa shi ne na ƙarshe da ka yi, wato na banki. A allo ɗaya za ka ga ya yi tsalle ya koma can. A allo biyu idonka na wani wuri, abu ya canja a gefe ba ka sani ba. A ganina wannan ne babban aibin da ya rage, kuma tsohon hali ne da sauyin 2013 bai taɓa ba.

Maganinsa shi ne tsohuwar dabarar, da sabuwar hanya. Ka danne Alt ka kunna Excel, kada ka saki har sai ya tambaye ka ko kana son sabon zama daban, ka ce e. Wannan kam ya rabu da gaske, janyewarsa daban, tsayawarsa daban, amma duk matsalolin kwafin fomula da na ambata sun dawo. Ni ga yadda na raba: fayilolin da ke magana da juna, zama ɗaya. Babban fayil ɗin tarihin shekara wanda karantawa kawai nake yi, shi nake ware wa nasa.

Sai maganar wuta, wadda masu rubuta manhaja ba su cika tunawa da mu a kanta ba. Laftof na da batir, monita ba ta da shi. Aka ɗauke wuta, monita ta mutu, sau da yawa kuma, musamman da wayar VGA, Windows na ci gaba da ɗauka cewa allon na nan. Fayil ɗinka yana can cikin duhu, kana ganin alamarsa a layin ƙasa amma ba ka ganin sa. Ba sai ka kashe komai ba. Zaɓi fayil ɗin, danne Windows da Shift, ka danna kibiyar hagu ko ta dama, zai faɗo allon laftof. Wannan haɗin maɓallan na rubuta shi a takarda na manna a jikin monita saboda yara. Monitar LED mai matsakaicin girma ba ta da cin wuta, ƙaramar inbata ma na ɗaukarta. Windows 11 kuma ya fi 10 iya tuna inda kowace taga take idan allon ya dawo.

Idan rubutu ya yi dishi-dishi a ɗaya allon, yawanci bambancin kaifin allunan ne. A 2019 zuwa sama akwai zaɓi a File, Options, General, na yadda Excel zai yi da alluna da yawa, a gwada ɗayan biyun. Wayar HDMI ma ta fi VGA fitar da lambobi tas.

Na taɓa sauran manhajojin lissafi. LibreOffice Calc kyauta ne, kowane fayil da tagarsa, yana da New Window shi ma, ga mai ƙaramin lissafi ya wadatar, sai dai fayil mai makro na Excel, wato umarnin da aka adana don ya yi aiki da kansa, ba kullum yake tafiya lafiya ba. WPS Office jera fayiloli yake yi a taga ɗaya irin na burauza, sai ka ciro wanda kake so, na kyautar kuma da talla. Google Sheets ba shi da matsalar taga ko kaɗan, amma a kasuwa inda netwok ke zuwa yana tafiya, ban ɗora lissafin Alhaji a kai ba.

Ga mai shirin sauyawa, a duba kwanan wata. Microsoft sun daina tallafa wa Office 2010 a Oktoban 2020, 2013 a Afrilun 2023, sannan wa'adin 2016 da 2019 shi ne 14 ga Oktoba, 2025. Manhajar ba ta daina aiki, gyaran tsaro ne ke tsayawa, mu kuwa kullum cikin buɗe fayilolin da aka turo ta imel da WhatsApp muke. Wa'adin 2021 ma Oktoban 2026 ne. Wanda zai fitar da kuɗi yanzu, 2024 ya dace ya nema idan biya sau ɗaya yake so, ko 365 idan zai iya biyan shekara-shekara. Dukkansu suna da XLOOKUP, wanda babu shi a 2016 da 2019, kuma ya fi VLOOKUP sauƙin sha'ani wajen irin binciken tiransifar da na kwatanta. Kafin ka bar shagon mai kwamfuta, ka sa ya haɗa monitar a gabanka, ka buɗe fayil biyu, ka ja ɗaya zuwa can da hannunka.