Kwamfutar ofis a Ingila, a hannunka take amma ba taka ba ce

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a miƙa gaisuwata ga Hajiya da yara. Ya zafin Gombe?

Ka yi mamaki da na ce ba na iya buɗe WhatsApp a kwamfutar ofis, alhali a ɗakina take kwana. To haka abin yake a nan. Ranar da ka kama aiki za a miƙo maka laftof da caja da jaka, ka sa hannu a takarda. Daga nan ta zama kamar saniyar da aka ba ka kiwo: kai ke fita da ita, amma ba ka isa ka yi mata alama ba. Hoton da ke fuskarta tambarin kamfani ne, ba ya canzuwa. In ka tashi saka wata manhaja, sai ta nemi lambar sirrin da 'yan sashen kwamfuta kaɗai ke da ita. Ka soka filasha, ko kallonta ba ta yi. Manhajar lokutan salla sai a waya. Hatta haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai da na rubuta buƙata, aka tambaye ni ko aikina na bukatarsu.

Tsoro ne ya kawo wannan. Dokar Birtaniya ta kare bayanan jama'a ta 2018 ta ba hukuma ikon cin kamfani tarar da ta kai fam miliyan 17.5, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikinsa na shekara. A 2020 an ci British Airways fam miliyan 20 bayan an sace bayanan fasinjoji sama da 400,000. Kafin nan, a Mayun 2017, cutar kwamfuta ta WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin gwamnati na Ingila, har aka soke ganin likita kusan 19,000. Wanda ya ga haka ba zai bar ma'aikaci ya sauke abin da ya ga dama ba.

Ka tuna kwamfutocin ofisoshinmu na gida Najeriya. Wannan hoton Ka'aba, wancan 'ya'yansa cikin kayan salla, na kusa da taga kuma ƙungiyar ƙwallonsa. Cikinta fina-finan Hausa da wa'azi sun fi takardun aiki yawa. Filasha ɗaya ta zaga shagunan buga takardu na Jekadafari da Tudun Wada, ta dawo da cutar nan mai ɓoye fayiloli. In aka yi wa mutum canjin wurin aiki, bayanan ofis su bi shi. Mu ma fa muna da dokar kare bayanai tun 2023, sai dai ba na jin ta iso teburin akawu tukuna.

Amma ni ba na ganin laifin ma'aikacinmu. Shi ke sayen data da kuɗinsa, wani lokacin har karo-karon man janareta. In ta lalace shi zai saɓa ta zuwa wajen mai gyara, a ce masa sai an goge komai, ya biya daga aljihu. Da wane baki za ka hana shi sa hoton ɗansa? A nan kuwa in tawa ta yi gardama, waya kawai zan ɗaga. Daga inda suke 'yan sashen kwamfuta za su shiga cikinta, ina zaune ina kallon kibiyar tana yawo ita kaɗai. In ta ƙi gyaruwa a aiko wata, in shiga da sunana in tarar da aikina yadda na bar shi, don ba a cikin na'urar ake ajiye shi ba. Ko sisi ba na kashewa.

Toshe filasha da hana manhaja na yarda da su. Hana canza hoto kuwa son iko ne kawai, ban ga ɓarawon da hoton jariri zai buɗe wa ƙofa ba. Ga sa ido: takardar da na sa wa hannu ta ce suna da ikon duba duk abin da na yi a kanta. Shi ya sa na sayi tawa daban.

Ka ce za ka saya wa babbar 'yarka laftof don makaranta. Yawancin na hannu da ake kawowa kasuwanninmu, su Dell Latitude da HP EliteBook da ThinkPad, irin waɗannan ne na kamfanoni, da suka yi shekara uku ko huɗu aka sauya su. Suna da ƙarko, sun fi sababbi masu araha. Sai dai wasu na zuwa da makullin kamfanin a jikinsu. Ka sa mai shagon ya sake ɗora mata Windows a gabanka, ya haɗa ta da intanet. In ta fito da sunan wani kamfani tana neman a shiga da adireshinsa, ko ta nemi lambar sirri tun kafin ta gama tashi, ka ajiye masa ka ɗauki wata.