Dubai ko Abu Dabi: Ina Ya Fi Dacewa a Sauka?

Masu shirin zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun sha tambayata wanne za su zaɓa tsakanin Dubai da Abu Dabi. Tazararsu kusan kilomita 140 ce kawai, amma kowanne da halinsa.

Dubai garin hada-hada ne. Can ne Burj Khalifa yake, dogon benen nan mai mita 828 da aka buɗe a 2010. Ni dai Deira, tsohuwar unguwar kasuwanci, ta fi burge ni: kasuwar zinariya, ƙamshin turare da kayan yaji, ga 'yan kasuwarmu na Kano suna ta ciniki. Ka hau ƙaramin kwalekwalen katako da suke kira abra, ya tsallakar da kai ruwa zuwa unguwar Bur Dubai. Zirga-zirga ma ba wuya, tunda jirgin ƙasan cikin gari yana aiki tun 2009. Sai dai kuɗi ba sa daɗewa a aljihu, ko'ina da abin da zai ja maka ido.

Abu Dabi, babban birnin ƙasar, ya fi natsuwa. Masallacin Sheikh Zayed, da farin marmara da ƙubbobi 82, kyauta ake shiga, amma da sharaɗin sutura ta kamala, mata su rufe kai. Akwai kuma gidan tarihi na Louvre da aka buɗe a 2017. Matsalar ita ce wuraren a warwatse suke, sai tasi ko bas.

Zafi kuwa duk ɗaya ne, daga Yuni zuwa Agusta ma'aunin zafi kan haura digiri 40, gara a je tsakanin Nuwamba da Maris.

Mai sayayya da mai zuwan farko, Dubai ta fi masa. Mai iyali ko dattijon da ba ya son hayaniya, ya kama masauki a Abu Dabi.