Yawon ganuwar Kano da ɗan jagora: abin da na gani

Mu a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, tun muna yara ake gaya mana asalin gidanmu Kano ne, kakan kakanmu fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro. Daga Salaga suka gangaro Kumasi bayan yaƙin basasar garin na 1892, suka zauna zango. Shi ya sa da na je Kano biki, na ware yini guda na ɗauki ɗan jagora ya zaga da ni ganuwa da ƙofofi. Wani abokina mai sayar da yadi a kasuwar Kejetia ya haɗa mu.

Mun yi da shi ƙarfe bakwai, bai iso ba sai tara saura. A Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kafin mu kai ƙofa ta uku rana ta take. Wannan shi ne laifinsa na farko, kuma na faɗa masa.

Amma mutumin ya san aikinsa. Da ni kaɗai na je, wallahi da na wuce badala ban san ita ce ba. A wurare da yawa tudun jar ƙasa kawai ya rage, ruwan sama ya zaizaye shi, awaki na hawa, gefe an gina shaguna. Ya tsayar da mai adaidaita sahu, ya ce, "Alhaji, sauko ka dafa." Na dafa, ƙasar ta marmashe a tafina. Ya nuna mini wani kududdufi a kusa, ya ce daga irinsa aka haƙi ƙasar ginin. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Jikina ya yi sanyi, ganin abin da aka tara da hannu da kwando yau ana zubar da shara a gindinsa.

Ƙofofin kuwa, Nasarawa da Ƙofar Mata da sauran na kan manyan tituna, an sake gina su da faɗi don motoci su wuce. Suna da kyau a hoto, sai dai ba su ne na da ba, kuma bai ɓoye mini hakan ba. Ya bayyana mini aikin Sarkin Ƙofa, mai rufe ƙofa in dare ya yi, baƙon da ya makara ya kwana waje. A Kabuga, inda sojojin Turawa suka shiga birni a 1903, na daɗe tsaye ina kallon yamma, wajen da gida yake.

Inda kuɗina ya fi halatta shi ne Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano. A can na ga tsohon ƙyauren ƙofar gari, baƙin ƙarfe mai nauyi, an yi masa ƙusoshi jere. Sai a lokacin na gane abin da ake nufi da rufe gari.

Abin da ban ji daɗinsa ba: a marinar Ƙofar Mata ya bar ni kusan awa guda hannun masu sayar da rinannen yadi, har lokacin hawa Dutsen Dala ya ƙure, ga shi daga can ne ake ganin yadda birnin ya kwanta. Na ce masa, "Malam, ganuwa na zo gani." Ya ba da haƙuri, ya rage mini wani abu a kuɗin.

Duk ɗan zango da zai je, daga Kumasi ko Nima ta Accra, ya ɗauki jagora, amma ku yi ciniki tun farko, ku fita bayan asuba, kuma a fara da Dala. Ni dai in Allah ya kai mu baɗi da yarana biyu zan koma.