Na'urar DBS da anka dasa ma Baffa: aiki ba laifi, tsaro da sauran magana

Masu tambayata kan na'urar da anka dasa ma Baffa a Indiya saboda ciwon Parkinson ɗin nan mai sa jiki rawa, ga bayani a wuri guda kowa ya huta. DBS suke ce mata. Wasu siraran wayoyi ne ake sakawa can cikin ƙwaƙwalwa, a biyo da su ƙarƙashin fatar wuya har zuwa wani ɗan batir da anka binne a ƙirji, shi ke tura lantarki kaɗan kaɗan yana lafar da rawar. Ba sabon abu ba ne, tun 2002 Amurka ta amince a yi ma masu Parkinson.

Aiki kam wallahi tana yi. Mutumin da sai an riƙe mishi ludayi in zai sha fura yanzu da kanshi yake sha, ya yi alwala, ya taka zuwa masallacin unguwa nan Mabera. Ciwon bai warke ba hwa, kar wani ya ruɗe ku, yana nan yana shan magani sai dai an rage. Tamu mai caji ce, wani faifai ake ɗorawa a ƙirji, to da zafin Sakkwato da zufa sai ya yi ta zamewa, ga wuta yadda kunka san ta, dole munka haɗa da 'yar sola.

Inda nake da magana shi ne rimot. Kamar waya yake sak, ta Bluetooth yake magana da batirin, kuma likita na iya zama can Indiya ya shigo ta intanet ya ƙara ko ya rage ƙarfin lantarkin ana kallon juna ta bidiyo. Wannan ya hutar da mu kuɗin jirgi ba kaɗan ba, amma dai ƙofar da likita ke shiga ai ƙofa ce, ɗan kutse ma ita zai nema. Kuma ba tatsuniya ba ce, a 2016 masu bincike a jami'ar Oxford sun yi rubutu kan abin da mai kutse zai iya yi in ya samu shiga, ya kashe na'urar, ko ya zuƙe batir, ko ya canza saiti har jiki ya rikice, kai har halin mutum na iya taɓuwa tunda wurin da wayoyin suke yana da alaƙa da yadda mutum ke kame kanshi. A 2018 wasu a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun gwada wata irin na'urar sunka tarar saƙon da ke tsakaninta da na'urar likita ba a rufe yake ba, da kayan aiki masu araha za a iya saurare har a tura umarni. Ɓangaren zuciya ma haka, 2017 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta sa a sabunta manhajar na'urorin bugun zuciya na kamfanin Abbott kusan 465,000 saboda irin wannan ɓaraka, duk da ta ce ba ta samu rahoton an cutar da kowa ba. Shi kuwa Dick Cheney mataimakin shugaban Amurka na wancan lokacin tun 2007 likitocinshi sunka rufe hanyar shiga tashi na'urar zuciyar don gudun maƙiya.

To Baffa ba Cheney ba ne, tsohon malamin makaranta ne, kuma Bluetooth sai mutum ya matso kusa 'yan mitoci, rimot ɗin gida ma ba ya wuce iyakar da likita ya sa. Ni abin da ya fi tada min hankali cikin gidanmu yake. Jikoki na ganin abu mai allo sai su ɗauka su nemi gem, rannan wani ƙanena ya haɗa shi da wayoyin gida zai kai shagon caji, Allah ya sa Inna ta gani ta ce kai Malam ina za ka da ran Baffanku. Yanzu a akwatinta yake kwana, lambar sirri mu biyu munka sani.

Ejan ɗin da ya haɗa mana tafiyar shi ne ya ba ni haushi, littafin bayani duk Turanci, ba wanda ya zaunar da mu kan tsaro, sai ma ya ce mu turo mishi lambar na'urar da fasawod ta WhatsApp wai ya ajiye mana, na ce a'a Alhaji ka yi haƙuri. Duk mai shirin kai nashi ya tambayi likita tun kafin biyan kuɗi, wa ke da ikon shiga daga nesa, sai majinyaci ya danna amincewa ko kuwa, ya ake sabunta manhaja in mutum ya dawo Najeriya, kuma in rimot ya ɓace ya za a raba shi da batirin. Na'ura tauraro huɗu na ba ta, ejan ɗaya, don tambayar rimot in ya ɓace ɗin nan har yau bai amsa min ba, ya dai karanta saƙon.